Yadda na gyara farin ruwan sabon akwatin kifina

Alhamdu lillahi, ruwan ya washe. Akwatin gilashi ne mai lita 60. Ina zuba kifaye ba a jima ba ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Da kore ne da na ce gansakuka ce.

Na zargi tsakuwa, na ɗauraye ta, shiru. Na canja rabin ruwan, washegari abin ya dawo har ya fi da. Ashe bakteriya ce ke hayayyafa kan ragowar abinci, ga shi bakteriya mai amfani, wadda ke narkar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi), ba ta zauna a soson filta (na'urar tace ruwa) ba tukuna.

Sai na daina canja ruwa. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Filta da injin iska dare da rana, don bakteriyar tana shanye oksijin. Sannan na karɓo tsohon soso mai ɗauke da bakteriya mai amfani daga akwatin abokina, na cusa shi a filtata da danshinsa. Ban bari ruwan famfo ya taɓa shi ba, sinadarin kulorin da ke cikinsa kashe bakteriyar yake yi. Na gode wa mai soson.

Yanzu duk mako kashi 20 cikin 100 nake canjawa, da ruwan da na sa wa maganin kulorin.