Wata ya fi mako huɗu: kurakuran lissafin kuɗin gida

Albashi wata-wata yake zuwa, cefane kullum ne, adashe mako-mako, kuɗin haya kuma shekara-shekara. Wajen haɗa su wuri guda ne lissafin magidanta da yawa yake karkacewa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Shekara tana da mako 52, amma mako huɗu sau 12 ya tsaya ne a 48. Makonni huɗu ke nan sun ɓace. Matar da ke zubin adashen naira 5,000 duk Juma'a za ta ce 20,000 take zubawa a wata. A shekara kuwa 260,000 ne, wato kusan 21,700 a wata. Shi ya sa duk watan da ya zo da Juma'a biyar sai a ji ana cewa kuɗi ba su da albarka, alhali lissafi ne ya gaza. Gyaran: a ninka kuɗin mako sau 52, sannan a raba gida 12.

Mai aikin yini, kamar birkila ko ɗan adaidaita, nasa kuskuren ya fi ciwo. Yana samun 4,000 a rana, sai ya ninka sau 30 ya ce 120,000. To, in yana hutun kwana ɗaya a mako, kwanakin aikinsa kusan 26 ne, 104,000 ke nan, ban da ranar ruwan sama ko ta jinya. Tukunya kuwa ba ta hutu. Gyaran: ya lissafa samu da kwana 26, cefane da kwana 30.

Sai kuɗaɗen da ba sa zuwa duk wata, waɗanda ake mantawa da su har mai gida ya aiko. Hayar 360,000 a shekara 30,000 ce duk wata, a ware ta tun ranar albashi. Kuɗin makaranta 45,000 a zango, sau uku 135,000, wato 11,250 a wata, har da watannin hutu.

Ragon layya da kayan Sallah kuma kalandar Musulunci suke bi, mai kwana 354 ko 355. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka wanda ya raba tanadinsa gida 12 yana iya tarar da ita kafin albashi na ƙarshe ya shigo. Gida 11 ya fi aminci.