Darasi na 9: Ɗaurin karyayyen kaya da bandeji mai daskarewa

Ƙotar fartanya ta tsage ana tsakiyar aiki, ko bututun ruwa ya fara yoyo, abin da muka saba shi ne a yanko robar tiyub a ɗaure tamau, ta yi ƴan kwanaki rana ta cinye ta a sake wani ɗaurin. To akwai wani bandeji da ake sayarwa a wasu shagunan kayan gini da na masu aikin famfo, yana zuwa a naɗe cikin leda mai ƙyalli wadda aka like ruf. Saƙa ce ta zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin gam, shi wannan gam ɗin ruwa ne ke tada shi, da ya sha ruwa sai ya fara ɗumi yana ƙanƙamewa har ya zama kamar dutse. Duk wanda ya taɓa ganin irin simintin nan mara nauyi da ake sa wa mai karaya a asibiti, to danginsu ɗaya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kusan duk aikin kafin a farke leda ake yin shi. Don da kun buɗe, ko danshin iska kaɗai ya isa ya fara daskarar da shi, ba a ajiye saura, ba a cewa bari in je in nemo almakashi. Ku tanadi roba da ruwa, safar hannu, samfefa, tsumma. Ku goge wurin tas, babu ƙasa babu maiƙo babu tsatsa, sannan ku kankare shi da samfefa ya yi kaushi, gam ba ya kama abu mai santsi. In ƙota ce ta rabu biyu gaba ɗaya ku haɗa bakin karayar daidai, ku ɗora ɗan ƙarfe ko itace mai ƙwari a gefe, ku ɗaure da zare ya tsaya cak tukuna. Shi bandejin riƙewa yake yi daga waje, in kuka naɗe abu a karkace haka zai daskare a karkace kuma wallahi sai da zarto za ku cire shi.

Yanzu ku sa safar hannu, kar wanda ya ce hannunsa ya saba da wahala, gam ɗin nan in ya bushe a fata sai ya yi kwanaki bai fita ba. Ku farke ledar, ku tsoma naɗin a ruwa kamar daƙiƙa 10, ku ɗan matse. Ruwan ɗumi yana sa shi saurin kamawa, mai sanyi yana ba ku ɗan lokaci, don haka sabon hannu ya yi da ruwan randa. Ku fara naɗi daga wuri mai lafiya, kamar faɗin tafin hannu kafin karayar, kuna ja da ƙarfi, kowane zagaye ya hau rabin na baya, ku wuce karayar da faɗin tafin hannu, ku dawo, ku yi ta kai da komo har ya ƙare, amma kan karayar ya fi ko'ina kauri. Sai ku jiƙa safar ku shafe shi kuna bin yadda naɗin ya zagaya. Cikin minti 10 zuwa 15 zai yi tauri, amma a bar shi aƙalla rabin awa kafin a koma aiki, kuma ku karanta abin da aka rubuta a jikin ledar don kamfani kamfani ne.

In bututu ne a kashe ruwa tukun, a toshe ramin da gam mai kama da ƙullu sannan a naɗe.

Ban yarda ku sa shi a bututun gas na girki ba, ko tiyon burki, ko tsanin da mutum zai hau, waɗannan canzawa ake yi. Faffaɗan abu irin bango ko gindin baho ma ba aikinsa ba ne tunda ba inda zai zagaya ya kama kansa.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan kaya 3 da suka karye a gidansa, ya sa alama a gaban wanda za a iya naɗewa, mu duba tare a aji.