Yadda za ka zaɓi ƙaramin masauki a bakin teku

Mu 'yan Damagaram teku ya yi mana nisa, to in ka samu hali kar ka je ka kama ɗaki a inda hayaniya za ta hana ka barci.

Na farko, zaɓi gari. In shiru kake so bar Kwatano da Lome, duba Grand-Popo a Benin kusa da iyakar Togo, inda kogin Mono yake shiga teku. Kuɗinsu sefa ne irin namu, ba ruwanka da canji.

Na biyu lokaci. Disamba zuwa Maris babu ruwan sama sosai, amma wajen 10 ga Janairu ana bikin gargajiya a Wida, wani gari da ke kusa da Grand-Popo, ɗakuna na cika.

Na uku, nan ne wahalar take. Buɗe Google Maps ka ga ko gidan a kan yashi yake ko sai ka ƙetare titi, sannan ka samu mai wurin ta WhatsApp ka ce ya ɗauko maka bidiyo yau ɗin nan, ɗaki da banɗaki da famfo yana zuba, don hoto tsoho ne sau da yawa. Tambaye shi akwai gidan sauro, akwai janareta ko sola, ana sa kiɗa da dare ko a'a, wa ya yanka naman, in ba ka gamsu ba ka tsaya a kifi.

Kuma don Allah ka tambaya inda ake iya shiga ruwa, igiyar tekun nan tana da ja sosai, balle in da yara.

Kar ka tura kuɗi duka, ba da kafin alƙalami na kwana ɗaya, sauran sai ka ga ɗakin da idonka.