A kashe kwamfuta ko a bar ta a kunne?

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Jos, amsar wannan tambaya tana hannun wutar lantarki. In ta tebur ce kuma ba ka da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kashe ta kafin ka kwanta, ka zare filogin daga bango. Ɗaukewar wuta kan lalata aikin da ba a adana ba, amma dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Haka na yi asarar tawa bara a Anguwar Rogo, da hotunan bikin ƙanwata a ciki, har yau Hajiya ba ta daina yi mini mita ba.

Laftof kuwa, in sallar azahar za ka je ka dawo, rufe murfin kawai ta yi barci, cajin da take ci kaɗan ne.

Sai dai tun daga Windows 8, danna Shut down ba ya kashe ta gaba ɗaya, yana ajiye wani ɓangare don ta tashi da wuri. Restart ne ke wanke ta tas. In ta fara nauyi, shi za ka danna.

Da hunturun nan kuma, in an bar kwamfuta a kunne, fankar cikinta da ke juyawa dare da rana ƙura kawai take zuƙa.