Darasi na 6: Yadda bakteriya ke sa mutum ciwo

Toh jama'a, yau darasinmu a kan wasu halittu ne ƙanana sosai da ake kira bakteriya, ido ba ya ganinsu sai da madubin asibiti mai ƙara girman abu. Ba dukkansu ne mugaye ba fa, wasu suna cikin hanjinmu suna taimakawa wajen narkar da abinci, wasu kuma su ne ke mayar da madara ta zama kindirmo. Masu sa ciwon su ne matsalarmu.

Sai sun samu hanya suke shiga jiki, ko ta baki a ruwa da abinci kamar taifot da kwalara, ko ta numfashi kamar tarin TB, ko ta rauni in ƙusa ta soki mutum a gona ya bar wurin da ƙasa. Da sun shiga sai ɗaya ta rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu, wasu a duk minti 20 suke wannan rabuwa, ku lissafa ku gani, cikin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2.

Mu tsaya a kan kwalara tunda ita ce ke addabarmu duk damina. Ruwan sama ya wanko kashin da aka yi a fili ya zuba a rijiya, ka ɗebo ruwan garau ka sha, ƙwayoyin su sauka hanji su manne a jikinsa su fara fitar da guba, gubar nan ita ke sa hanji ya dinga zubar da ruwan jiki ba ƙaƙƙautawa, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa ga amai, nan da nan idon yaro ya faɗa, fatarsa in ka tsungula ba ta komawa da wuri. Ƙarewar ruwan jiki ita ke kisa, kuma cikin 'yan awoyi ne. Don Allah kar a tsaya jiƙe-jiƙe. A haɗa lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ana ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. In akwai ORS na leda ya ma fi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke wasa da magani. Mutum ya je kemis a ba shi kafso biyu, ya ji sauƙi ya watsar. Masu taurin cikin ƙwayoyin ba su mutu ba ai, za su sake yawa, gobe maganin ya daina yi musu komai. Maganin TB wata 6 ake sha kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai ka ga an daina a wata na biyu wai tari ya tafi. Mura kuwa ba bakteriya ke kawo ta ba, kafso ba ya mata aiki.

Aikin gida: kowa ya rubuta hanyoyi uku da bakteriya ke shiga jiki, sannan ya duba tazarar da ke tsakanin masai da rijiyar gidansa ya zo mana da bayani a aji na gaba.