Yadda za ka yi idan aka turo maka saƙo cewa kyamara ta kama motarka da gudun wuce kima

Direban da ke lodi a tashar Muda Lawal, ko mai ɗaukar shanu da tumatir daga Bauchi zuwa Kudu, ya saba da jami'in da zai ɗaga masa hannu a hanya. A tsaya, a gaisa, a yi "ranka ya daɗe, a yi haƙuri", wani lokaci a rabu lafiya. Kyamara ba ta amsa gaisuwa. A farkon 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kafa na'urorin auna gudu a wasu titunanta, ta kuma ɗora tarar naira 50,000 ga wanda ya zarce ƙa'ida, naira 20,000 ga wanda ya keta jar danja. Ba a tsayar da kai. Sai ka dawo gida, ka huce gajiya, saƙo ya shigo wayarka.

Yawancin mutanenmu da suka ji wannan, abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne: wata sabuwar hanyar tatsa ce. Ban ga laifinsu ba. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi, wadda ta haɗa da kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas, ba a daɗe ba suka zama kayan ado a jikin turaku. A 2024 'yan sanda suka ce za su fara tilasta sabuwar rajistar mota ta intanet mai kuɗi, jama'a suka yi ca, aka dakatar da tilasta ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To amma zargi ba ya goge sunanka daga kwamfutar hukuma. Takarda ce ke gogewa, saboda haka ga yadda za ka bi.

Da farko, kada ka taɓa adireshin intanet ɗin da ke cikin saƙon

'Yan damfara sun fi kowa saurin koyon sabon salo. Saƙon da ya ce ka biya cikin awa ɗaya ko a kama ka, ko ya ba ka lambar asusun wani mutum, ko ya nemi lambar sirrin katinka ko BVN, wannan na ɓarayi ne. Kuɗin hukumomin tarayya, har da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC, ta Remita ake biyansu su faɗa asusun bai ɗaya na gwamnati. Jihohi kuma kowace da shafinta. Ka buɗe shafin hukumar da hannunka, ko ka taka ofishinta ka tambaya.

Na biyu, karanta saƙon kamar mai neman kuskure

Abu huɗu za ka duba: lambar mota, rana da lokaci, wurin da aka ce an yi laifin, da sunan hukumar da ta ci tarar. Kyamarar nan aiki biyu take yi. Tana harba igiyar rada ta dawo mata, daga nan ta lissafa gudunka, sannan ta ɗauki hoton lambarka wata manhaja ta karanta. A wurin karatun nan ake samun tuntuɓe. Lamba mai ƙura ko wadda ta koɗe, 8 ta zama B, sifiri ya zama O, sai laifin wani ya sauka a kanka. Akwai kuma masu buga lambar bogi irin ta wani su liƙa wa motarsu. In an ce an kama ka a Legas ranar da motarka ke garejin bakanike a Yelwa, ka riƙe wannan hujjar da kyau.

Na uku, tambayi kanka: motar nan da sunan wa take?

Nan ne mutanenmu suka fi shiga uku, kuma ba laifin kyamara ba ne. Mu a nan ana cinikin mota da shaidu biyu da musabaha. Alhaji ya sayar wa ƙanin matarsa, shi ya sayar wa wani a Azare, wancan ya kai ta Kano, amma a rumbun bayanan hukuma har gobe sunan Alhaji ne da lambar wayarsa. Kyamara ba ta san wanda ke riƙe da sitiyari ba, mai rajista ta sani. Duk wanda ya taɓa sayar da mota bai yi canjin mallaka ba, ya nemi wanda ya saya tun yau su je ofishin lasisin motoci a gyara. Ka ajiye kwafin takardar ciniki mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun shaidu. In kai ne mai saye, ka duba lambar a shafin tantance lamba na FRSC, ka kuma tambayi hukuma ko akwai tara a kanta, kafin ka ƙirga kuɗi, domin za ka iya gadon bashin tarar da ba ka san da ita ba.

Masu motocin haya da ke ba direbobi suna kawo balas, su ma su buɗe littafi: wa ya fita da wace mota, wace rana, zuwa ina. Takardar sunayen fasinjoji da 'yan yuniyon ke rubutawa a tasha ita ma hujja ce.

Na huɗu, ka yi wa kanka adalci

Wataƙila fa ka yi gudun. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasa ta ce ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya na musamman. Tasi da bas 50, 80 da 90. Tanka da tirela 45, 50 da 60. Wato a hanyar Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri, ko ta Ningi zuwa Kano, 80 ce iyakar motar fasinja. Kowa ya san ba haka ake tafiya ba, musamman in direba na son ya yi sawu biyu kafin magariba.

Ka kuma bincika malejinka. Motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobinsu na mil ne, mai ganin allura a kan 60 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana dab da kilomita 97. Taya da ta fi ta asali girma ita ma tana sa maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya. Gwajin ba wuya: ka ba na kusa da kai waya ya buɗe manhajar taswira mai nuna gudu, ku kwatanta a miƙaƙƙiyar hanya. Motar haya kuwa, tun watan Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta sanya mata na'urar ƙayyade gudu. Masu cire ta bayan an gama duba takardu sun san kansu.

A nan nake rabuwa da masu cewa duk abin kuɗi ne kawai. Motar da ke kan 100 tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi sau huɗu. Wanda ya taɓa ratsa Darazo ko Soro ranar kasuwa, ya ga yara masu talla suna tsallaka titi da faranti a ka, ya san me wannan lissafin ke nufi.

Na biyar, in ba ka yarda ba, ka yi jayayya a rubuce

Kada ka tsaya cacar baki da jami'in da ke bakin ƙofa, ba shi ya ci ka tara ba. Rubuta takarda zuwa ga shugaban hukumar da ta turo saƙon. Ka nemi hoton da kyamarar ta ɗauka, da gudun da ta auna, da ƙa'idar gudun wannan wurin, da ko akwai allon da ke sanar da direbobi. Ka haɗa da hujjojinka. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. In ba a saurare ka ba, kana da damar zuwa gaban alƙali, domin takardar tara zargi ce, ba hukuncin kotu ba.

Kana da doka a bayanka fiye da yadda ake zato. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka damar sanin abin da aka adana game da kai da neman a gyara kuskure, duk da ta yi wa masu binciken laifi sassauci, kuma akwai hukumar kare bayanai ta NDPC da ake kai wa ƙorafi. Tambayoyin da suka fi nauyi, irin su wane kamfani ke riƙe da hotunan, kashi nawa yake ɗauka daga kowace tara, wata nawa ake ajiye bayanin inda mutum ya bi, sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Aikin ƙungiyar direbobi ta NURTW ne da ta masu motoci ta NARTO da 'yan majalisar jiha, kuma lokacin yin su shi ne kafin a sa hannu a kwangilar kafa kyamarorin. Jihar da ta kafa hukumar zirga-zirga tata, kamar BAROTA a Bauchi, dole jama'arta su fara irin wannan tambayar da wuri.

Na shida, in laifinka ne, biya ta hanyar da za a ba ka rasit

Wani zai ce ka kawo rabi ya "goge maka a kwamfuta". Kuɗinka ne zai tafi, bashin kuma yana nan yana jiranka ranar da ka sake shiga jihar ko ka je sabunta takardu. Haka masu shafa wa lamba laka ko giris, ko masu rufe ta da baƙin gilashi: wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma shi ne ke sa a tare ka a kowane shinge daga Toro har Lokoja. Ka biya a banki ko a shafin hukuma, ka ɗauki hoton rasit ɗin, asalin kuma ka haɗa shi da takardun mota. Bayan mako guda ka sake duba lambarka a shafin, ka tabbata an cire tarar. In tana nan, ka koma da rasit ɗin a hannu.