Yadda Ake Tantance Alamun Galahanga Ga Ƙananan Yara A Asibitin Unguwa

Na yi shekaru ina karɓar sababbin ma'aikata a sashen yara na wani ƙaramin asibiti a Agege, inda yawancin matan da ke zuwa Hausawa ne mazauna Legas, kuma abin da na lura da shi shi ne, mai koyon tantance galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, wato matsalar da ke shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane da yadda yake magana, ba kasafai yake kuskuren lissafin maki ba. A wajen yi wa uwa tambaya ake yin ɓarnar, don haka a nan zan fi tsayawa.

Takardar da muke aiki da ita ita ce M-CHAT-R/F, mai tambayoyi 20 da ake amsawa da eh ko a'a, an kuma tsara ta ne domin yara 'yan wata 16 zuwa wata 30. Kyauta ake saukar da ita daga intanet, kuɗin gurzawa kawai za ku kashe.

Mataki na farko shi ne tsayar da lokaci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro yana da wata 18, a sake yana da wata 24. Matsalarmu a nan ita ce, da zarar an yi wa yaro allurar ƙyanda ta biyu yana wata 15, uwa ta ɗauka ta sallami asibiti ke nan sai in ciwo ya kawo ta, alhali takardar ba ta fara aiki sai wata 16. Saboda haka ranar wannan allura ku rubuta mata ranar dawowa a jikin katin rigakafi, ku haɗa ta da ranar karɓar bitamin A da ake bayarwa duk wata shida, domin kada ta biya kuɗin Keke ko danfo sau biyu. Ni ba na tantance yaron da ya zo da zazzaɓi ko gudawa, ku ma kada ku yi, domin yaro marar lafiya ba ya kula kowa.

Mataki na biyu, ku tabbatar wadda kuke tambaya ita ce ke wuni da yaron. Sau da yawa uwa tana wajen sana'a a kasuwar Mile 12 ko tana tuyar awara tun safe, yaro kuwa yana hannun kaka ko yayarsa. In haka ne, a zo da kakar. Kuma kada ku yi tambayar a kan benci cikin layi, inda maƙwabciya ke kasa kunne, domin babu uwar da za ta ce ɗanta ba ya kallon idonta a gaban matan unguwa.

Mataki na uku shi ne tambayar kanta. Uwa Bahaushiya tana ganin girman mai farin kaya, kuma idan aka jefa mata tambaya da sauri, eh ce ta fi kusa da bakinta. Na taɓa zama bayan wata ɗaliba tana karanto tambayoyin ashirin kamar mai kiran rajista, uwa tana amsa kusan duka da "Eh, Sista," kanta a sunkuye, yaron kuwa yana ƙasa ya kifa motar wasa yana juya tayarta da yatsa, bai ɗago ko sau ɗaya ba har aka gama. Takarda ta fita tas, babu maki ko ɗaya, wato babu wata alamar damuwa. Da na ce mata, "Hajiya, yaushe rabon da ya kawo miki wani abu don kawai ki gani?" sai ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce ita dai ba ta tuna ya taɓa yi ba. Tun daga ranar na kafa doka cewa duk eh sai an biyo ta da misali: yaushe, a ina, me ya yi.

Tambayoyi biyu ne suka fi kayar da masu koyo. Ta farko ita ce ta nuni da yatsa. Takardar ta raba nunin neman abu da nunin nuna sha'awa, mu kuma a Hausa duka nuni muke cewa. Yaron da ke miƙa yatsa wajen leda domin a ba shi biskit daban yake da wanda ya ga jirgi ya taso daga Ikeja, ya nuna shi, sannan ya waiwayo ya dubi fuskar uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Wannan waiwayen shi muke nema, kuma rashinsa yana cikin alamun da suka fi saurin bayyana. Wanda ke kama hannun uwa ya ja ta ya ɗora a kan ƙofa ba tare da ya dube ta ba, bai yi nuni ba.

Ta biyu ita ce ta amsa suna. Idan ɗan fari ne, ko mai sunan suruki, uwar ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba saboda kunya, kuma duk gidan Abba ko Baba suke ce masa. Na ga ma'aikacin da ya kira sunan da ke kan kati, yaro bai juyo ba, ya rubuta masa maki, alhali yaron bai taɓa jin wannan suna ba. Ku tambayi sunan da ake kiransa da shi a gida, ku tsaya ta bayansa ku kira da murya daidai, ba tare da tafi ko taɓa shi ba.

Za ku kuma yi ta jin cewa yaruka ne suka yi wa yaro yawa, Hausa a ɗaki, Yarbanci a tsakar gida, Turancin buroka a titi, shi ya sa bai yi magana ba. Kada ku karɓi wannan uzuri. Tashi cikin yaruka biyu ko uku ba ya haifar da galahanga, ba ya kuma hana yaro nuni, ko kwaikwayon uwarsa tana shara, ko sa wa 'yar tsana abinci a baki.

Mataki na huɗu, lissafi. Kowace a'a maki ɗaya ce, ban da tambaya ta 2 da ta 5 da ta 12, wato ta zargin kurumta, da ta kaɗa yatsu kusa da ido, da ta firgita da ƙarar yau da kullum, inda eh ce ke zama maki. Daga sifili zuwa 2 babu damuwa, sai dai a sake idan yaron ya cika shekara 2 in bai kai ba. Daga 8 zuwa 20 a tura shi wajen ƙwararru kai tsaye. Daga 3 zuwa 7 sai a yi tambayoyin bi-baya da ke haɗe da takardar, a kan waɗanda suka ba shi maki kaɗai, kuma in maki 2 ko fiye suka rage, a tura shi. Wannan bi-baya ne ake yawan tsallakewa idan layi ya yi tsawo, kuma tsallake shi yana sa a tura yara lafiyayyu su cika layin asibitin ƙwararru, iyayensu su yi asarar kuɗin mota da wunin sana'a. Yaron da ya fara magana sannan ya daina, ko wanda uwarsa ta dage cewa akwai wani abu, a tura shi ko nawa makinsa.

Mataki na ƙarshe, faɗa wa iyaye da turawa. Kada ku ce yaro yana da galahanga, domin takardar ba ta yanke wannan hukunci, ku ce akwai abubuwan da kuke so ƙwararru su duba tun ƙwaƙwalwarsa na ɗanya. In uwa ta ɗora laifin a kan allurar ƙyanda, ku gaya mata rahoton 1998 da ya haifar da wannan zargi, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma binciken da aka yi a kan ɗimbin yara bai sami wata alaƙa ba. Addu'a da tofi ba na hana kowa, amma a haɗa da asibiti. Ku rubuta takardar gwajin ji tukuna, sannan ta asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi. Ku karɓi lambar wayar maigidan, domin shi zai ba da izini da kuɗin mota, ku kira shi bayan mako biyu ku ji ko an je. Idan kuma aka tabbatar yaro yana da ita, ku sa ido a kan ƙannensa, domin sun fi sauran yara yiwuwar samunta.